Inda Nake Saro Zuma

A sana'armu akwai tambayar da ba a amsawa: ina kike saro zumarki? Ko 'yar'uwarki ce ciki ɗaya ta tambaya, sai ki ce mata arewa, ki ɗaga hannu ki nuna bayan Nima kamar a nan kusa take. Arewa kuwa faɗi gare ta, mai nema ya je ya nema. Haka na tarar mahaifina yana yi a rumfarsa ta Maamobi a nan Accra, haka ni ma na ci gaba bayan rasuwarsa, da na mayar da kayan bakin Kasuwar Malam Atta. Ba mugunta ba ce. Mai zuma ba ta da komai sai hanyarta. Ranar da maƙwabciyarki ta san ƙauyen, ranar za ta riga ki isa da galan-galan ɗinta, ta ƙara wa mai amya wani abu a kan farashi, ke kuma ki dawo kina sayar da labari.

To ni nawa sirrin ninki biyu ne, don zumar da aka san ni da ita ko kusa da arewa ba ta je ba. Tun yana saurayi mahaifina ya gano wani ƙauye a tsallaken tafkin Volta, sai an hau jirgin fito, an kuma bi hanyar daji a bayan babur. A can wani abokinsa ya zauna yana rataya amya a bishiyoyi. Abokin ya rasu, ɗansa ya gaje shi, ni ma na gaji mahaifina, ciniki bai yanke ba. Ina ce wa ɗan nan yaya, don ya girme ni. Sau biyu a shekara muke haɗuwa a bakin tafki, ta wannan tsallaken, ya miƙo galan na miƙa masa nasa, mu yi sallama. Mutanen Zango kuwa sun sa wa ransu cewa zuma in ba ta arewa ba ce ruwan sukari ce. Su suka faɗa, ni ban musa ba.

Ina kuma da girman kai a kan zuma, ba zan ɓoye ba. Kawo mini kowace iri, in ɗiga a kofin ruwa in ga ko za ta nutse ta zauna ko za ta watse. In tsoma kan ashana in ƙyasta. Daga nan in ɗora a harshe in gaya maka ko an dafa ta, ko an tace ta da 'ya'yan ƙuda a ciki, ko an yi mata ha'inci da sukari. Malamai na aiko wa a saya musu ta haɗin rubutu, masu jego na saya, masu tari na saya. Shekara ashirin da wani abu ba wanda ya taɓa dawo mini da kwalba.

Ana nan sai ɗiyar ƙanwata ta zo rumfa da rana tsaka. Ni na goye ta tana jaririya, Mma take ce mini kamar yadda take ce wa uwarta. Ta gama jami'a ta koma ƙaro karatu, abin da ya shafi sinadarai da abinci. Ta zauna a kan bencina, ta ciro ƙananan kwalabe masu murfi daga jaka, sababbi fil, ta ce tana son zuma kaɗan-kaɗan daga kowane wurin da nake sarowa.

Na ce, "Gwaji za ki yi wa zumata? Ke? Kawo ashana in nuna miki gwaji."

Ta yi dariya ta ce, "Mma, na san zumarki ba ta da sukari. Ba zumar nake bincike ba. Wurin nake bincike."

Wannan magana ta tsaya mini. Na sallami mai sayen da ke gabana, na juyo na ce ta yi mini bayani yadda zan gane, ban da Turanci. Ta ce ƙudan zuma ba ya zama wuri ɗaya. Daga amyarsa yakan tashi ya zaga gonaki da daji na kewaye, ya sauka a kan fure, ya sha ruwa a rafi da kududdufi, ya dawo gida. Duk abin da aka fesa a wannan yanki, maganin ƙwari ne ko na ciyawa, yakan kwaso ɓurɓushinsa ba da saninsa ba, wani ya saura a cikin zuma. Maimakon mutum ya bi gona-gona yana ɗibar ƙasa, sai ya auna zumar wurin ya ga me ke yawo a can. In sun ga inda abin ya yi yawa, sai su rubuta wa ma'aikatan gona na yankin, a je a duba ruwa, a yi magana da manoma.

Na ce, "Ashe ƙudan nan ɗan rahoto ne!"

Wallahi abin ya burge ni. Ni da nake ganin na gama sanin zuma, ga 'yar da na share wa majina tana gaya mini akwai labari a cikinta wanda harshena ba ya ji. Na yi ta jera mata tambaya. Shin maganin ba ya kashe ƙudan tun a hanya? Ta ce wani yana kashewa, wani ƙudan na kai shi gida. Shin in an tafasa zumar yana fita? Ta ce kada in dogara da wannan. Shin na'urar ɗanɗanawa take yi? Ta ce a'a, rarrabewa take yi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na cika mata kwalba biyar, har da gyara, ta ce gyaran ba shi da amfani, na ce a rumfata ba a fita ba gyara.

Sai ta ciro alƙalami ta ce, "Yanzu gaya mini garin kowace."

Maƙwabciyata mai man kaɗe da zuma tana nan dab da mu, ta sunkuya wai tana gyara tire, kunnenta kuwa yana cikin rumfata. Huɗu daga cikin kwalaben na faɗi gaskiya, don zuma ce da kowa ke sarowa a tasha, ba sirri a ciki. Da aka zo ta biyar, tawa ta gaske, bakina bai ma yi shawara da ni ba. Na ambaci wani gari can sama da Tamale, wanda ko hanyarsa ban taɓa bi ba. Ta rubuta a jikin kwalbar da kyakkyawan rubutunta, ta yi godiya, ta tafi ta hau trotro, motar haya. Ban ji komai a raina ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma a ganina suna ne kawai a jikin kwalba.

Na ma manta da zancen. Azumi ya zo ya wuce, aka yi salla. Wata ranar Asabar na je gidan ƙanwata a Nima kai mata saƙo, na tarar da yarinyar zaune a tsakar gida, takardu a cinya, koko ya huce a gabanta ba ta sha ba. Ta rame. Uwarta ta ja ni gefe ta ce aikin makarantar ne ya cije.

Na zauna kusa da ita na ce, "Me zumar ta ce?"

Ta ce guda huɗu ba wani abin tashin hankali. Ta biyar ce ta hana ta sakat. An ga maganin ƙwari a cikinta fiye da na sauran, har da wani iri wanda bai kamata a ce ana fesa shi a kan kayan miya ba. Na ce to guba nake sayar wa mutane ke nan? Ta ce a'a, abin da ke cikin zumar kaɗan ne, ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne wurin. In har ya kai ga shiga zuma, to a can inda ake fesawa ba kaɗan ba ne, kuma mutane ne ke zaune a wurin.

"To ki rubuta musu mana," na ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba zan iya ba, Mma. Zumar ba ta yarda da sunan da ke jikinta ba."

Ta ce a cikin kowace zuma akwai ƙurar fure, ido ba ya gani sai da na'ura, kuma kowace bishiya da kamannin tata. Zumar garin da na faɗa ya kamata a ga kaɗanya da ɗorawa a ciki. Ba ko ɗaya. Abin da ke ciki na wasu tsirrai ne dabam, irin na ƙasa mai ruwa da gonakin lambu. Malamarta ta duba ta ce babu wani bayani sai dai ita ce ta rikita kwalabe a ɗakin gwaji. Wanda kuwa ya rikita kwalba ɗaya, wa zai yarda da sauran aikinsa? An ce ta sake komai daga farko, abokan karatunta su wuce su bar ta. Ta ce ta yi ta tunani, ta san ba ta rikita ba, amma ba ta da hujja.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko sau ɗaya ba ta dube ni da zargi ba. Ta zargi hannunta, ta zargi idonta, ta zargi na'ura, ba ta kawo Mma a lissafi ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun ina budurwa. Amma ku ji halin ɗan Adam: ban faɗa ba. Na ce Allah ya warware, na sha ruwa, na tafi. A hanya har ina jin haushin ƙudan. Shekara da shekaru na rufe bakina, ashe shi yana can yana rubuta komai a cikin zumar.

Kwana uku ina juya abin. In na faɗa, sunan ƙauyen zai shiga takarda, takarda ta je ofis, daga ofis kuwa magana ba ta da wuyar isowa kasuwa. Abin da mahaifina ya bar mini ke nan, bai bar gida ba, bai bar gona ba. In kuma na yi shiru, yarinyar ta ɗauki laifin da ba nata ba. Rana ta huɗu na rufe rumfa da hantsi, na sa mayafina mai kyau, na kira ta na ce ina son in ga ƙurar furen nan da idona. Gaskiya rabin abin da ya kai ni son gani ne.

Ɗakin gwajin sanyi ƙalau, ba ƙamshin komai, kowa da farar riga. Ta ɗiga wani abu a kan ɗan gilashi, ta ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko gashin idona kawai nake gani. Ta murɗa wani abu, sai ga su. Ikon Allah! Wasu mulmulallu, wasu masu ƙaya-ƙaya kamar ƙarangiya, wasu masu kusurwa uku. Duk wannan a cikin ɗigon da bai kai hawaye ba. Na daɗe ina kallo, ina tambaya wannan na mene ne, wancan fa, tana amsa wanda ta sani, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Na ce ta nuna mini na kaɗanya. Ta sauya gilashi ta sa na wata kwalbar, na gani, ta mayar da nawa, na duba lungu-lungu babu shi.

Na ɗago na ce, "Ba ki rikita komai ba. Ni na yi miki ƙarya."

Ta tsaya tana kallona. Na gaya mata komai, tafkin, jirgin, yayan nan mai amya. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba, sai ta zauna a kujera ta ce, "Haba Mma." Sau ɗaya ta faɗa, ya ishe ni.

Na dake na ce, "Ki gaya wa malamarki gaskiya, in ta so ni ma in gaya mata da bakina. Amma sunan ƙauyen kada ya shiga takarda. Ki ce tsallaken tafki kawai."

Ta ce, "Tsallaken tafki ƙasa ce guda. Wa za a tura, ina za shi?"

Na ce wannan ba damuwata ba ce. Muka yi ta ja, har wata ma'aikaciya ta leƙo. Daga ƙarshe ta ce ko ma mene ne, dole ta je ta ɗebo zuma daga amyar da hannunta, da ruwan wurin, tunda kwalbar farko ta riga ta zama abin shakka. Na ce to ni zan kai ta, amma sai ta yi mini alkawari ba za ta rubuta sunan ba sai na yarda. Ta yi alkawari, fuska a ɗaure.

Abin kunya na biyu: ni kaina ban taɓa taka ƙauyen ba. Iyakata bakin tafki. Da na kira yaya a waya na ce ga mu nan zuwa har gida, sai da ya tambaya ko lafiya.

Muka kama hanya bayan asuba, mota ta kai mu bakin ruwa, muka shiga jirgi tare da buhunan gawayi da awaki da mata masu kifi suna ta hira da yaren Ewe da na Twi. Daga tsallake babur biyu suka ɗauke mu. Ni a raina daji nake tsammani, irin wanda mahaifina ke ba mu labari, bishiya har ba a ganin rana. Ina! Gonaki ne iyakar gani, barkono, tumatir, kankana, kuɓewa, kore shar, gwanin sha'awa. Na ce wa mai babur ai ku kun ji daɗi. Ya ce motoci daga Accra suke zuwa ɗauka. Wato tumatirin da nake saya a bayan rumfata ma wataƙila na nan ne.

Yaya ya tarye mu da murna, ya tsufa fiye da yadda nake ganinsa a bakin tafki. Bai bari mun zauna ba, yarinyar ta ce a fara da aiki kafin rana ta yi zafi. Ya kai mu inda amyoyinsa suke, a wani ɗan kurmi da ya rage tsakanin gonaki biyu. Ya nuna mana waɗanda ba kowa a ciki, ƙudan ya gudu ko ya mutu. A gindin wata bishiya ya tsuguna ya kwaso matattun ƙudaje cike da tafin hannu.

Na ce, "Yaya, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

Ya dube ni ya ce, "Hajiya, damina uku ina gaya miki ƙuda na mutuwa. Kika ce in bar wayon neman ƙarin kuɗi."

Haka na ce kuwa. Ina tuna har inda nake tsaye da na faɗa.

Yarinyar ta ɗebi zumarta, ta ce a nuna mata inda ƙudan ke shan ruwa. Muka gangara wani rafi. A can sama wani manomi na tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, ya sauke tankin feshin da ake goyawa, yana ɗaurayewa yana zubarwa, ruwan na fita fari-fari. Ya ɗaga mana hannu da fara'a, muka amsa. Ba mugu ba ne, ko takalmi babu a ƙafarsa. Ƙasa kaɗan da shi, inda rafin ya lanƙwasa, mata ne da robobi suna ɗiba. Na tambayi yaya ko ba su da famfo. Ya ce akwai na burtsatse ɗaya, ya lalace tun bara. Na tambaya ko wani ma'aikaci ya taɓa zuwa ya yi musu magana a kan maganin. Ya ce mai sayar da shi ne kawai ke zuwa ranar kasuwa. Yarinyar ta tsuguna ta cika kwalabenta, ta rubuta kwanan wata da lokaci, ta bar wurin suna fari.

Muka koma gida. Matar yaya ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar mangwaro. Mace mai kirki, ba ta jin Hausa sosai, amma ta san ni, ta ce kullum in an tace zuma mai kyau sai a ce wannan ta Hajiyar Accra ce. Jikokinta na wasa a gefe, ƙaramar tana tsotsar saƙar zuma. Ta shiga ɗaki ta fito da kofin silba, wanda daga gani na baƙi ne, ta ɗebo ruwa daga randa, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu.

Na karɓa. Ruwan sanyi, garau, ba wari ba komai. Ina da ruwan leda a jakata, yarinyar ta sani, ta ɗan taɓa gwiwata. Matar na durƙushe tana murmushi tana jiran in sha. Na duba kofin, na duba yaran. Shekara ashirin da wani abu ina ci daga ƙauyen nan, na yi aikin hajji daga cikinsa, na aurar da 'ya'ya, kuma babban abin da na yi masa shi ne na tabbatar ba wanda ya san yana nan.

Na ce wa yarinyar, "Ciro alƙalaminki."

"Mma, kin tabbata? In ya shiga takarda ba ya fita."

"Na ce ki rubuta. Da manyan baƙi, yadda ko mai ciwon ido zai karanta."

Ta rubuta a kwalba ta farko, ta biyu, har ta ƙarshe, yaya na leƙawa yana gyaɗa kai. Ni kuma na yi bisimilla na kafa kai na shanye, na miƙa wa matar kofinta na ce Allah ya saka da alheri. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta juya wajen mijinta ta yi magana da yarensu, ya ce mini, "Wai ko a ƙaro miki?"